Mai Ɗinkin Shimfiɗa a Ƙasar Kazaure: Keke, Hanya, Jiki da Iyali

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ranar jere a Kazaure ko Roni ya san inda idon mata ke fara sauka. Kafin a duba kwanuka ko labule, gado ake kallo: zanen da aka shimfiɗa, matasan kai da aka jera, da bargon nan mai cikin auduga wanda aka bi da ɗinki layi-layi har ya tashi luhu-luhu. A yaba wa uwar amarya, a tambayi nawa aka saya, amma da wuya a tambayi wadda ta ɗinka. Ita kuwa tana can wani gida a Kanti ko Unguwar Gabas, ta duƙufa a kan keke tana neman ƙarasa na wata amaryar.

Sana'a ce da mata suka riƙe a wannan kusurwa ta arewa maso yammacin Jigawa, kuma ta bambanta da ɗinkin kaya. Tela yana auna mutum, ita kuwa gado take aunawa: ƙafa huɗu, ƙafa shida-shida, ko shida da bakwai. Zanen gado da rigar filo ba su da wahala, yanka ne da kalmasa. Bargon shi ne gwajin gwani.

Yadda ake haɗa shi

Bargon ɗinki hawa uku ne. Akwai yadin sama, wanda shi ne fuska, akwai na ƙasa mai taɓa jiki, sai abin da ake shimfiɗawa a tsakiya, wato faiba ko soso mara kauri. Mai ɗinki tana share tsakar ɗaki, ta baza tabarma, ta shimfiɗa yadin ƙasa ta ja shi ta kowace kusurwa har ya miƙe. Ta ɗora faiba, ta rufe da yadin sama. Daga nan sai ta durƙusa da alli da tef tana zana layukan da allura za ta bi, ta kafe hawa ukun da fil ko da manyan ɗinki na wucin gadi don kada su zame.

Daga tsakiya ake fara ɗinki a nufi baki. Wadda ta fara daga gefe za ta iske yadi ya taru ya yi tudu a tsakiya, sai ta warware ta sake. Tazarar layukan ma da dalilinta: in sun yi nisa da juna, wanki biyu faiba za ta dunƙule wuri ɗaya, in sun matsu da yawa, bargo ya yi tauri ya rasa laushinsa. Sannan ga nauyi. Wuyan keken ƙafa irin Butterfly ko Singer ƙarami ne, dole a naɗe rabin bargon kamar tabarma a tura shi ta ciki, hannu ɗaya na ja, ɗaya na tallafe, ƙafa na taka feda. Shi ya sa da yawa ba sa zama wannan aiki sai da yarinya a bayan keke tana karɓar abin da ya fito.

Akwai kuma na haɗin ƙyalle. Guntayen atamfa, shadda da yadi da suka rage wurin teloli ake tarawa, a yanka su daidai wa daida, a haɗa su su zama fuskar bargo ko shimfiɗar jariri. Wannan ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba, domin kowane ƙyalle sai an auna, an ɗinka, an goge bakinsa da dutsen guga kafin a haɗa shi da na kusa. A nan ake gane mai ido: ta san launin da zai zauna kusa da ɗan'uwansa lafiya, da wanda zai yi zuba ya ɓata sauran ranar wanki.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Dabarar cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi ta da ɗinki ta daɗe a wurinmu. Ita ce lifidi, rigar yaƙin doki da mahayinsa. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙi. Audugar rimi ake cusawa a ɗinke ta tam, ta yadda kibiya za ta rasa ƙarfinta kafin ta kai ga tsoka. Har yau 'yan lifidi na fitowa a hawan sallah a Kano, kuma sarautar Sarkin Lifidi na nan a fadodi. Da wannan audugar rimi ce kakanninmu suka riƙa cusa katifa da matashi kafin soso ya zo ya karɓe kasuwa.

A wasu ƙasashen ma mata ne suka raya irin wannan ɗinki daga tsofaffin tufafi. Matan Bangaladash da gabashin Indiya na haɗa tsofaffin zannuwansu su ɗinke da hannu. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsummokaran aikin gona don maganin sanyi. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, sannan a New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki. Abin da ake yi wa kallon tsumma ya zama abin alfaharin ƙasa. Hannun matan Gwiwa da Babura bai gaza nasu ba.

Yini ɗaya

Ranar mai ɗinki ba a kan keke take farawa ba. Bayan sallar asuba akwai koko ko ɗumame, akwai shirin yara zuwa makaranta, shara da wanke-wanke. Sai hantsi ya ɗaga take samun zama, kuma tsakanin hantsi da azahar shi ne lokacinta mai tsada, domin haske ya wadata, gida ya yi shiru. A nan take yanka da zana layi, aikin da ba ya son kuskure. Bayan azahar 'yan koyo su zo, da la'asar a ɗora tukunyar dare, yara su dawo daga Islamiyya. Mai injin lantarki kuwa ba ita ke tsara lokacinta ba, wuta ke tsara mata: in an kawo ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe ɗaya za ta tashi. Saboda haka ko wadda ta mallaki inji ba ta rabuwa da keken ƙafa.

Kasuwar tana da kakarta. Bayan an kai amfanin gona gida kuɗi ke shiga hannun manoma, bukukuwa su yawaita, ga hunturu ya shigo kowa na neman abin lulluɓa. Haka kuma watannin Rajab da Sha'aban, lokacin da iyaye ke son kai 'ya'yansu ɗaki kafin azumi. A irin waɗannan makonni aiki kan yi mata yawa har ta rasa barci. Da damina kuwa, kuɗi sun tafi taki da noma, keke kan yi kwanaki ba a buɗe shi ba. Mai dabara takan shiga adashi lokacin ciniki, ta ɗauka lokacin da kasuwa ta kwanta ta sayi yadi ta ajiye.

Yadin daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano yake zuwa. Kano na da nisan kimanin kilomita 80 daga Kazaure ta hanyar Ɗambatta, kuma yawancin abin da ke kasuwar yanzu daga Sin ake shigo da shi, tun bayan durƙushewar masaƙun Arewa irin su Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957. Don haka duk lokacin da dala ta motsa, kuɗin bandir ya motsa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara kuɗin mota a kai. Da yawa sun rage zuwa da kansu: a turo hoton yadi ta WhatsApp, a zaɓa, a tura kuɗi, direban tasha ya kawo saƙo. Sauƙi ne, amma hoto ba ya nuna kaurin yadi, kuma wadda ba ta murza shi da yatsa ba ta sayi abin da ba ta sani ba.

Malama a kan hanya

Wadda hannunta ya faɗa, ba ta daɗewa ake fara kiranta koyarwa. Wata ƙungiyar mata ce a Roni, ko makarantar matan aure a Gwiwa can bakin iyakar Katsina, ko wani shirin koyar da sana'a a 'Yankwashi, ko Babura ta masarautar Ringim, mai iyaka da Nijar. Tafiyar ba ta yiwuwa sai an shirya gida. Sai ta nemi izinin maigida, ta yi girki tun da sassafe, ta damƙa ƙananan yara hannun kaka ko abokiyar zama ko babbar 'yarta, ta goya na goye. Ta ɗaure yadi, faiba da almakashi a buhu, ta shiga motar haya, inda mota ta tsaya kuma ta hau babur.

A ajin takan tarar da mata sun fi kekuna yawa, wasu ba su taɓa riƙe tef ba. Ba da bargo take farawa ba. Da rigar filo ake farawa, domin a nan ake koyon miƙe layi. Masu kiranta Malama ko Anti akwai 'yan mata masu jiran aure, akwai zawarawa, akwai iyayen marayu da suka girme ta. Abin da ke sa ta jure rana da ƙurar hanya shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu za ta aiko da hoton zanen gadon da ta sayar na farko.

Amma koyarwa tana da nata haraji. Ranar da ta tafi, kekenta a rufe yake, aikin masu biki na jiranta. Taura biyu ba ta taunuwa. Wasu kuma na yi mata faɗa cewa tana ƙirƙirar wa kanta kishiyoyi a kasuwa. Gwanaye ba su cika damuwa da wannan ba, domin ranar da aikin amare biyar ya faɗo a mako ɗaya, ɗaliban nan ne za ta raba wa kalmasa da rigunan filo, ita ta riƙe bargon. Babbar matsalar ita ce horon kwana uku ko mako ɗaya da ake raba takardar shaida a watse. Bargo ba ya koyuwa a haka. Wadda aka sallama ba keke, ba jari, ba malamar da za ta koma wurinta, kafin wata uku ta manta.

Abin da jiki ke biya

Lafiya uwar jiki. Wannan sana'a da ƙashin baya ake yin ta: durƙuso wajen shimfiɗa, sunkuyo wajen ɗinki, jan nauyi da kafaɗa. Ciwon baya da na wuya su ne kukan kowace mai ɗinki da ta daɗe. Dogon zama na kumbura ƙafa, musamman ga mai juna biyu. Ƙurar faiba da ta yadi na sa tari da atishawa, tana kuma tayar wa mai asma ciwonta, balle a ɗakin da aka rufe taga saboda hunturu. Idan shekaru suka haura 40, ganin kusa kan fara raguwa, zura zare a allura ya zama aiki. Da yawa kan ɗauka ɗinki ne ya cinye musu ido, alhali sauyi ne da ke zuwa wa kusan kowa, kuma tabarau na karatu bayan gwajin ido kan magance shi.

Kariyar ba ta da tsada. Kujera ta yi daidai da tsawon keke, a sa matashi a bayan ƙugu. A shimfiɗa bargo a kan teburi ko gado maimakon ƙasa in da hali. A miƙe a taka kowane rabin awa. A sa takunkumi ranar yankan faiba, a fitar da jariri daga ɗakin. A yi yanka da hasken rana. In allura ta huda yatsa ta karye a ciki, asibiti za a nufa. Abin da ya fi haɗari shi ne sabon haɗiyar maganin kashe ciwo kullum don a ƙarasa aikin biki, domin yawan shan irin waɗannan ƙwayoyi na yi wa ciki da ƙoda lahani.

Lissafin da ba a yi

Tambayi mai ɗinki yadda ta yanke kuɗin bargo, za ta lissafa maka yadi, faiba, zare, leda da kuɗin mota, ta ɗora ɗan abin da ta kira riba. Yini biyun da ta yi a kan keke ba ya cikin lissafi. Yarinyar da ta riƙe mata bargo ba ta ciki. Man keke, gawayin guga, tabarau da maganin baya duk ba sa ciki. Ga kuma bashin zumunci: 'yar yaya ce za ta yi aure, maƙwabciya ce ta ce sai bayan biki, kunya ta hana tambaya. Haka mace za ta shekara goma tana aiki dare da rana, keke ɗaya ne dai, jiki kuwa ya riga ya gaji.

Jarin wannan sana'a na gaskiya lokacin mai ita ne da lafiyarta, kuma su ne ba a saka wa kuɗi. Malamar da ta koyar da miƙe layi ba ta koyar da yanke farashi da zaman kujera ba, rabin sana'a ta bayar. Masu shirya horo a ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura su tsawaita shi zuwa watanni, su haɗa shi da keke da gwajin ido, su biya malamai kuɗin da zai rufe ranar da suka bari. Magidanta su ɗauki tafiyar koyarwa a matsayin aikin da ke shigo da alheri gida, su taimaka da riƙon yara. Mai saye kuma, in ya ɗaga bargo ya ga layi ya miƙe, kusurwa ta zauna, ya biya kuɗinsa cikakke, ya biya a kan lokaci.