Alfarwar Musa a Cocin Katolika

Littafin Fitowa ya bayyana yadda Annabi Musa ya kafa alfarwar sujada, wato tantin ibada da Bani Isra'ila suke ƙaura da shi a jeji, inda aka ajiye akwatin alkawari mai ɗauke da allunan Doka. Wannan al'amari bai gushe ba a ibadar Katolika, domin har yau ana adana gurasar tarayya a wani ƙaramin ma'aji, fitila tana ci kusa da shi dare da rana. Abin da ya fi ratsa zuciya kuwa shi ne yadda malaman Katolika suke kiran Budurwa Maryamu sabon akwatin alkawari, tunda akwatin na dā ya yi wata 3 a gidan wani mutum mai suna Obed-edom, ita ma ta yi kusan wata 3 wurin 'yar'uwarta Alisabatu.