Yumɓun Da Ake Zubarwa Yana Iya Tsarkake Ruwa

Hirarmu ta yau a kan ruwan sha ne.

Ba duk ruwa garai-garai ba ne ke da lafiya. Akwai ƙarafa masu dafi da ke narkewa cikin ruwa, ido bai ganin su. Ɗaya daga cikinsu ita ce darma, wadda ake samu cikin batirin mota da dutsen kwalli. Darma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce giram 1 na darma cikin tano 500 na ruwa shi ne iyaka.

A shekarar 2010, a Zamfara ta Najeriya, an yi ta niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Dutsen yana da darma. Ƙurar ta shiga ƙasa da tabkuna. Yara sama da 400 suka rasu.

Ku lura da kyau: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma bai fidda darma. Tata da tsumma ma bai fidda ta.

To, mi ke fidda ta? Cikin abubuwan da masana suka gano akwai yumɓu. A masana'antar mai, kamar man gyaɗa, ana zuba wani irin yumɓu mai laushi cikin mai don ya shanye dauɗa, man ya yi haske. In an gama sai a zubar da shi a juji, alhali yana jiƙe da mai, har yakan kama wuta da kansa.

Masana sun gwada gyara wannan yumɓu a ɗakunan bincike. Suna gasa shi da wuta mai zafi sosai, har man ya ƙone. Ƙananan ƙofofinsa sai su buɗe. In aka zuba garinsa cikin ruwa mai darma aka motsa, darmar sai ta manne masa, kamar yadda allura ke manne wa maganaɗisu. Daga nan a bar shi ya kwanta, a tace ruwan. Riba biyu ke nan: juji ya ragu, ruwa ya gyaru.

Amma wannan aikin ma'aikatan ruwa ne, don su ke da kayan awo. Kada ku ɗebo yumɓun juji ku zuba cikin randa. Kuma yumɓun da ya sha darma ya zama dafi, ba a yada shi kusa da rijiya.

Ga naku aikin. Kada a fasa tsohon batir a cikin gida. Kada a niƙa ko a wanke dutsen zinariya kusa da rijiya ko tabki. In kuna shakkar ruwan garinku, ku gaya ma maigari a kira ma'aikata su auna shi. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.