Ciyawa ma taki ce, in ta ruɓe

Ƴan uwa manoma, maza da mata, tun bayan farin shekarar 1984 noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasarmu. Daga Jiratawa zuwa Mirya, daga Galmi zuwa bakin kogi a Yamai, garka ce ke rufa asirin gida idan rumbu ya fara sauka. Amma yawancin ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Takin zamani yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya gyara rairayi. Alhali kuwa maganin yana kusa da mu: ciyawar nan da muke nomewa mu zubar ko mu ƙone.

Don me sai ta ruɓe?

Idan muka binne ɗanyar ciyawa a gindin tumatir ko salati, ba mu taimake su ba. Akwai ƙananan halittu cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ciyawa. Lokacin da suke wannan aiki, sukan fara cinye abincin da shuka ke bukata, sai mu ga ganye ya yi rawaya. Ban da haka, gara takan zo, kuma ƴaƴan ciyawa su tsiro cikin fangali. Saboda haka sai mu bar ciyawa ta ruɓe a waje ɗaya tukuna.

Wace ciyawa za mu tara?

Kada mu ƙwace abincin bisashe. Mu ɗauki abin da suka rage a turke, da ciyawar noma, da ganyen da ya zuba, da garmani wanda dabbobi ba su damu da shi ba. Mu yanke su kafin su yi ƴaƴa.

Kada mu sa ƙuduji ko ƙarangiya masu ƴaƴa. Kada mu sa saiwar jiji da ta kiri-kiri, domin sukan sake tsira. Haka nan ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa. Leda, kwalba, tsohon batir, kashin mutum da na kare duk ba su da wuri a cikin ramin taki.

Yadda za mu haɗa

1. Mu zaɓi wuri mai inuwa, mai ɗan tudu, nesa da rijiya. Mu gina rami biyu kusa da juna. Kowane ya zama tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin rabin mita.

2. A ƙasan rami na farko mu shimfiɗa karan hatsi da aka daddatsa, kaurin taƙi ɗaya, don iska ta samu hanya.

3. Mu zuba ɗanyar ciyawa taƙi ɗaya, sa'an nan busasshen ganye ko busasshiyar ciyawa taƙi ɗaya. Ɗanya zalla takan dunƙule ta yi wari. Busasshiya zalla kuwa takan daɗe ba ta ruɓe ba.

4. Mu zuba kashin awaki, ko na shanu, ko na kaji, kaurin yatsa huɗu. Mu barbaɗa toka kaɗan, mu yayyafa ruwa.

5. Mu yi ta maimaita haka har tulin ya ɗara bakin rami da rabin mita. Mu rufe da tsohuwar tabarma, mu soka sanda a tsakiya.

Yadda za mu kula da shi

Bayan kwana 3 ko 4, mu zare sandar mu taɓa. In ta yi zafi, aiki ya kama. Wannan zafi yakan kai awo 55 zuwa 60, shi ne ke kashe ƴaƴan ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. In sandar ta yi sanyi kuma a bushe take, mu ƙara ruwa. In tulin yana wari, ruwa ya yi yawa, sai mu ƙara busasshen ganye. Mu damƙi takin a hannu mu matse: ya kamata ya jiƙa tafin hannu, amma kada ruwa ya zuba.

Kowane kwana 15 mu juye tulin zuwa ɗaya ramin. Na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna. Alamarsa ita ce ya yi baƙi, ya huce, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari. Wanda ya haɗa nasa a watan Agusta zai same shi a Nuwamba, daidai lokacin dashe.

Yadda za mu zuba

Fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1 yana bukatar kilo 20 zuwa 30. Mu cuɗa shi da ƙasar sama, mu ba da ruwa, mu dasa bayan ƴan kwanaki. Kada mu bar shi a fili rana ta ƙone shi. Ƙasar da ta samu wannan taki takan daɗe da laima, wahalar jan guga ta ragu. Albasa, shu, karoti da kuɓewa duk suna son shi.

Mu kiyaye lafiyarmu

Kunama da maciji suna son inuwar tuli, don haka mu juya shi da shebur, ba da hannu ba. Mai rauni a hannu ko a ƙafa ya ɗaure shi kafin ya taɓa taki. Kada mu bar ruwa ya kwanta cikin ramin da babu komai, domin sauro ke haihuwa a ciki. Mu kange wurin da ƙaya saboda yara. Bayan aiki mu wanke hannu da sabulu. Salati da tumatir kuwa a wanke su da ruwa mai tsabta kafin a ci.

Wannan aiki ba ya cin ko dala, sai dai ƙarfi da haƙuri. Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa, don bana mu rage ƙona ciyawa, mu ƙara gina ramin taki.