Dam ɗin Zobe da duwatsun Kurfi: Arzikin yawon buɗe ido da ke jiran ɗan jagora

Da sanyin safiya a lokacin hunturu, kafin masunta su gama janye komarsu, bakin Dam ɗin Zobe da ke Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma a Jihar Katsina kan cika da tsuntsaye. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, ga balbela na bin shanun da aka kawo shayarwa, ga kirinjijiya garke-garke. A cikin ƙananan da ke shawagi akwai baƙi irin su tsattsewa, waɗanda ke ƙetaro Hamadar Sahara daga Turai duk shekara.

A wasu ƙasashen, irin wannan kallo kuɗi ake biya a yi shi, kuma akwai masu ci da iyalinsu da shi. A nan kuwa, wanda ya zo daga nesa ba zai san wa zai nema ya zagaya da shi ba.

An kammala dam ɗin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan Kogin Karaduwa, domin ruwan sha da noman rani. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha da aka daɗe ana jira daga gare shi. A duk tsawon lokacin, hankali bai cika komawa kan halittun da ruwan ya tara ba.

Yadda ake yi a tsibirin Zanzibar

Misali mai kyau yana can gaɓar tekun Indiya, a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Akwai wani daji da ake kira Jozani, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2004. A cikinsa ake samun wani nau'in biri mai jan baya da babu irinsa a ko'ina a duniya sai a Zanzibar.

A da, manoman yankin kallon ɓarna suke yi wa biran saboda shiga gonaki. Da aka tsara ziyara, sai abin ya canza. Baƙo zai biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ɗan jagora, ya bi da shi ta hanyoyin da aka ware, ya nuna masa biran, ya gaya masa sunayen itatuwa da amfaninsu. Wani kaso na kuɗin yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye. Birin da ake kora da dutse ya zama abin da ake tsarewa.

Ginshiƙin tsarin shi ne ɗan jagora, mutumin da ya san dajin kamar tafin hannunsa.

Ilimin yana hannun maharba

Irin wannan mutumin ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Tarihin baka ya nuna cewa shi kansa garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da ke garin.

Har gobe, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ƙasa ce ta manyan duwatsu da fadamu, ga kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo. Tsohon maharbi ko makiyayi zai bambance maka sawun zomo da na kurege, ya gane kukan fakara tun daga nesa. Ya san dawowar shamuwa alama ce ta gabatowar damina. Ya san gawo na zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona.

Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, kuma masu shi suna tsufa. Abubuwan da za a nuna ma suna raguwa. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, yanzu sai an yi sa'a, kuma tun 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Saran itace domin gawayi da girki na ƙara ƙwaƙule dazuka.

A ɗaya ɓangaren, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilimin gandun daji da namun dawa. Ɗalibi na da littafi, maharbi na da ido. Abin da ya rage shi ne a haɗa su.

Ba a yawon buɗe ido cikin fargaba

Babban cikas ɗin kowa ya san shi. Dajin Rugu, da ke yamma ta ɓangaren Safana da Batsari, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Satumban 2021 Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. A watan Oktoban 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar.

Abin da ya faru a maƙwabciya Nijar ya isa darasi. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da aka kare su, aka kafa ƙungiyar 'yan jagora daga ƙauyukan wurin, sai suka haura 600. Amma a ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a can: Faransawa shida, direbansu da ɗan jagora. Sana'ar da aka yi shekaru ana ginawa ta durƙushe a rana ɗaya.

Daga ina za a fara?

Ba sai an jira Turawa ba. Baƙin farko suna gida: 'yan makarantun Katsina, ɗaliban jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da iyalan da ke neman wurin fita da sallah.

Kayan aikin ma ba su da tsada: madubin hangen nesa, kwalekwale mai lafiya, rigunan kariya daga nutsewa, da ɗan littafin sunayen tsuntsaye da Hausa. Ziyara ta kasance da rana, a wuraren da jami'an tsaro suka amince da su, da sanin fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maradin Katsina a Kurfi. Masunta da maharba su samu rabonsu, don wanda ke cin moriyar tsuntsu da ransa ba zai ɗana masa tarko ba.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran komai: a zauna da tsofaffin maharba a naɗi abin da suka sani, a riƙa ƙirga tsuntsayen Zobe duk hunturu. Idan zaman lafiya ya dawo bayan masu ilimin sun kau, baƙo zai zo ya tarar da ruwa da duwatsu, ya rasa mai gaya masa sunan abin da yake kallo.