Dukiyar da Ke Cikin Kai: Tsaron Masu Kuɗin Kirifto Daga 'Yan Fashi a Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

Tun ranar da ɗan Adam ya fara tara dukiya yake neman dabarar tsare ta, kuma kowane irin kuɗi da irin ɓarawonsa. A cikin wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana wani haɗari da ya zo tare da kuɗin kirifto, watau kuɗin nan na intanet irin su Bitcoin da USDT, waɗanda samari da 'yan kasuwa suka runguma a ƙasar Hausa. Galibin masu gargaɗi a kan waɗannan kuɗi sun fi mai da hankali ga 'yan damfara da masu kutse ta kwamfuta. A nan kuwa za a dubi ɓarawon da ke zuwa da ƙafarsa, riƙe da wuƙa ko bindiga. Za a ɗauki ƙasar Haɗejiya da fadamunta a matsayin misali, domin a ga yadda yanayin wuri ke shafar dabarun tsaro.

Yadda Magabata Suka Tsare Dukiya

A zamanin da, wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma nauyinsa kansa wani tsaro ne. Keso guda wuri dubu ashirin ne, saboda haka wanda ya yi niyyar sace dukiyar attajiri sai ya tanadi jakuna da 'yan dako, ga kuma ƙarar da wuri ke yi in an motsa shi. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya ɗai-ɗai, sai a cikin ayari ƙarƙashin madugu. In sun sauka wani gari, fatoma ne ke riƙe musu ajiya. A gida kuwa akan zuba kuɗi a tulu a binne, a kuma rarraba dukiya, wata a shanu, wata a hatsi, wata a hannun amintattu. Ke nan magabata sun dogara ga abubuwa uku: rufin asiri, da rarraba ajiya, da shigar da amintaccen mutum tsakanin mai dukiya da dukiyarsa.

Da banki ya zo sai ya ɗauke wa mutane wannan nauyi. Ɗan fashi ya san ko ya kama attajiri ba zai sami abin da ke banki a jikinsa ba, domin akwai ma'aikata, da sa hannu, da iyakar abin da za a iya fitarwa a yini. Kuɗin kirifto ya kawar da wannan shamaki, ya mai da mai dukiya ma'ajin kansa kamar falken da, amma ba ayari ba madugu.

Inda Kuɗin Kirifto Yake Zaune

An fara Bitcoin a watan Janairu na 2009, bisa wani tsari da mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya wallafa a 2008. Kuɗin ba su cikin wayar mai su. Suna rubuce ne a wani kundi na bai-ɗaya wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke hannun mai kuɗi shi ne mabuɗin sirri, wanda da shi ake ba da umurnin fitar da kuɗi daga wata lalita zuwa wata. Yawanci akan mayar da wannan mabuɗi zuwa kalmomi 12 ko 24, waɗanda aka tsamo daga wani jeri mai kalmomi 2048. Duk wanda ya san kalmomin nan bisa jerinsu, to, shi ne mai kuɗin, ko a wace ƙasa yake.

Daga nan siffofi uku suka fito waɗanda ke jawo hankalin ɗan fashi. Ta farko, in an tura kuɗi kuma kundin ya tabbatar, babu wani manaja da zai mayar da su. Ta biyu, dukiyar ba ta da nauyi, abin da ya kai darajar garken shanu yana iya ƙaura cikin 'yan mintoci. Ta uku, kundin a buɗe yake, duk wanda ya san lambar lalitar mutum yana iya ganin abin da ke cikinta. Fasa mabuɗin ta hanyar lissafi ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su, saboda haka ɓarawo ya gane hanya mafi sauƙi ita ce ya kama mai mabuɗin ya tilasta shi.

Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A watan Janairu na 2025 an sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Ledger mai ƙera na'urar ajiyar mabuɗi, tare da matarsa, daga gidansu a Faransa. Kafin jami'an tsaro su kuɓutar da su, masu garkuwar sun yanke masa yatsa. A watan Mayu na wannan shekara aka yi yunƙurin sace 'yar shugaban kamfanin Paymium a kan titi a Faris, da rana tsaka. A cikin watan dai, a birnin New York na Amurka, wani ɗan Italiya ya tsere daga gidan da ya ce an tsare shi makonni ana azabtar da shi don ya ba da kalmar sirrinsa.

Abin lura a nan shi ne yadda ɓarayi ke gano wanda za su bi. A 2020 an kutsa cikin bayanan masu sayen kayan Ledger, aka watsa sunaye da adireshin gidajen mutane kimanin 270,000. A 2025 kuma kamfanin Coinbase ya bayyana cewa an ba wasu masu yi masa aiki toshiya sun fitar da bayanan abokan cinikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya da Ƙasar Haɗejiya

Kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya, bayan Indiya, wajen karɓar kuɗin kirifto a 2023 da 2024. A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da wannan ciniki, abin da ya tura jama'a ga saye da sayarwa tsakanin mutum da mutum. An ɗage hanin a Disamba 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa waɗannan kadarori ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. A Arewa kuwa, wasannin waya irin su Notcoin da Hamster Kombat a 2024, da buɗe cinikin Pi a Fabrairu 2025, sun shigar da ɗimbin matasa harkar, har da waɗanda ba su taɓa riƙe kuɗi mai kauri ba.

Ƙasar Haɗejiya ƙasa ce ta noma da su da kiwo. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, kuɗi na yawo da kaka da lokacin girbin rani, na shinkafa da alkama da riɗi da tattasai da kifi. Dillalin da ya ga darajar naira na zubewa yana iya mayar da ribarsa USDT, wanda ke bin darajar dalar Amurka, ya riƙe a waya. Haka ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa yana iya zama mai saye da sayarwa. Abubuwa uku na wannan yanki sun cancanci a dube su. Na farko, gari ne da kowa ya san kowa, labarin wanda ya samu ba ya kwana, kuma da ɗan gari akan ci gari. Na biyu, ƙauyukan fadama na da nisa da ofishin 'yan sanda, da damina ma wasu hanyoyin kan yanke. Na uku shi ne ruwa: ambaliyar kogin Haɗejiya, irin ta 2020 da ta 2022, ta rusa gidajen ƙasa da dama, kuma takardar da aka rubuta kalmomin sirri a kanta ba ta fi ƙarfin ruwa ko gara ba. Bugu da ƙari, mutanen yankin na yawan zuwa Kano, inda ƙwacen waya ya yi tsanani har majalisar tsaron jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023.

Hanyoyin Tsaro

Hanya ta farko ita ce kame baki, domin baki shi ke yanka wuya. Ɗora hoton riba a Facebook ko TikTok, da nuna wa 'yan majalisa abin da ke cikin lalita, da sauya babur da waya rana guda, duk talla ce ga ɓarawo. Mai ciniki da jama'a ya kamata ya ware lalitar karɓar kuɗi daban da ta ajiya, don kada abokin ciniki ya bi lambar ya ga jimlar abin da ya mallaka.

Ta biyu ita ce raba kuɗin aljihu da na rumbu. Ba wanda ke ɗaukar rumbunsa zuwa kasuwa, sai dai ya ɗebi abin da zai sayar. Haka ya kamata wayar da ake yawo da ita ta ƙunshi kuɗin cefane da na ƙaramin ciniki kurum. Babbar ajiya ta zauna a na'urar da ba ta haɗe da intanet, kuma kada a bar wata alama tata a wayar yawo. Kada a ɗauki hoton kalmomin sirri, kada a aika da su ta WhatsApp, ko da mutum kansa zai aika wa.

Ta uku, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce mutum ya tsara ajiyarsa ta yadda shi kaɗai ba zai iya kwashe ta nan take ba. Akwai lalita mai mabuɗai da yawa: alal misali a yi mabuɗi uku, a sharɗanta cewa sai biyu sun haɗu kuɗi ke fita. Ɗaya ya zauna a gida a Haɗejiya, ɗaya a hannun amintaccen ɗan'uwa a Malam Madori ko Kano, na ukun a wani wuri daban. In 'yan fashi sun ritsa mai dukiya da dare, mabuɗi ɗaya za su samu, kuma neman na biyu na bukatar tafiya da lokaci da idon jama'a, abubuwan da ɓarawo ke gudu. In kuma ruwa ya ci gida guda, sauran biyun sun isa a kuɓutar da dukiyar. Gida biyu maganin gobara. Masu ajiya a hannun kamfanonin musaya su ma suna da makamancin wannan, domin da yawansu na ba da damar a ƙayyade lalitar da za a iya tura wa kuɗi, tare da jinkirin kwana ɗaya ko biyu kafin a amince da sabuwa. Wasu na yin lalitar yaudara mai ɗan kuɗi kaɗan don su nuna in an tsare su, amma ɓarayi ma sun san wannan dabara, saboda haka ba abin dogaro ba ce ita kaɗai.

Ta huɗu ta shafi rubutun kalmomin kansu. A ƙasar fadama ya fi kyau a buga su a jikin farantin ƙarfen da ba ya tsatsa, a ajiye a tudu. Sai dai mai dukiya ne zai yi bugun da hannunsa. In ya kai wa maƙeri ko mai zanen allo, to, ya riga ya ba da kuɗin.

Ta biyar ita ce lura wajen cinikin ido da ido. Wanda ba a sani ba, ya zo da farashi mai daɗi fiye da na kasuwa, ya kuma zaɓi wurin haɗuwa da kansa, abin tsoro ne. A haɗu da rana, a wuri mai jama'a kamar harabar banki, a tafi da abokin rakiya, kuma babban ciniki a karkasa shi.

Ta shida ita ce tanadin gado. Rufin asiri in ya yi yawa yakan zama asara, domin wanda ya rasu da kalmominsa a ka ya tafi da haƙƙin magada, kuma babu alƙalin da zai iya umurtar kundin ya buɗe. Ya kamata a bar rubutacciyar wasiyya mai nuna cewa akwai dukiyar da kuma waɗanda ke riƙe da mabuɗanta, ba tare da an rubuta kalmomin a cikinta ba.

In Abin Ya Riga Ya Auku

Idan duk da haka aka faɗa hannun 'yan fashi, rai ya fi dukiya, kada a yi gardama da mai makami. Da zarar an tsira sai a kwashe abin da ya rage zuwa sabuwar lalita, a sa kamfanin waya ya toshe layin, a sanar da banki, a kai ƙara ga 'yan sanda tare da lambar tura kuɗin da lambar lalitar da aka tura wa. Gaggawa na da amfani, domin kundin na nuna sawun kuɗin, kamfanonin musaya na iya riƙe abin da ya shigo hannunsu, kuma kamfanin Tether mai fitar da USDT yakan daskarar da kuɗi bisa roƙon hukumomi.

Kammalawa

An ga cewa kuɗin kirifto sabo ne, amma haɗarin da ke tattare da riƙonsa tsoho ne, kuma maganinsa na nan cikin abin da magabata suka sani: rufin asiri, da rarraba ajiya, da amintaccen mutum a tsakani. Akwai kuma aiki a kan masu nazarin Hausa. Yawancin bayanan tsaron nan da Turanci suke, alhali mai sayar da kifi a Haɗejiya da manomin shinkafa a Auyo da Hausa suke tunani. Samar da daidaitattun kalmomi, da kai gargaɗin gidajen rediyo da majalisun samari, nauyi ne da ya hau kan malamai da ɗalibai baki ɗaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.