Idan Ƙasa Ta Sauka Ƙarƙashin Shago

Duk wanda ya taso daga Gaya, ya ƙetare gadar Kogin Kwara zuwa kasuwar Malanville, sa'an nan ya karkata wajen Toumboutou, zai lura cewa ƙasar da 'yan kasuwa ke kafa shaguna da ɗakunan ajiyar shinkafa da albasa a kanta, galibinta yashi ne da laka waɗanda kogi ya daɗe yana jibgewa. Irin wannan ƙasa kuwa, idan ruwa ya ƙoshar da ita, kamar yadda ambaliyar 2010 ta yi wa yankin, takan sassauta ƙarƙashin harsashi, har kusurwa guda ta lotsa, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Allah Ya yi wa wannan yanki rangwame game da girgizar ƙasa, ko da yake ta afka wa Akara a 1939, ta kuma motsa Mpape ta Abuja a 2018. Amma ilmin ɗago ginin da ya nutse, a hannun waɗanda girgiza ta jarraba ya bunƙasa. A Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan, girgizar 22 ga Fabrairu 2011, wadda ta hallaka mutum 185, ta mai da jiƙaƙƙen yashi tamkar kunu, gine-gine suka sauka. Babban ɗakin zane-zane na birnin yana cikinsu, amma maimakon a rushe shi, sai injiniyoyi suka huda daɓensa, suka kafa ginshiƙan siminti cikin ƙasa, suka riƙa ɗura ruwan siminti ta ramuka masu yawa, kwamfuta tana ƙididdige kowane motsi, ginin yana ɗagowa sannu sannu har ya daidaita, aka sake buɗe shi a 2015.

Haƙiƙa mai shago a Toumboutou ba shi da wannan dukiya, amma asalin hikimar bai gagare shi ba, domin illar tana cikin ƙasa, kuma a ganina shafe tsaga da siminti alhali ƙasa tana sauka almubazzaranci ne. Abin da ya wajaba shi ne a fara kau da ruwa daga gindin bango, a yi wa tsagar alama a ga ko tana ƙaruwa har damina ta wuce, sa'an nan a haƙa ƙarƙashin harsashi taki ɗaya, a cika da kankare har kan ƙasa mai ƙarfi, a bari ya bushe kafin a taɓa na gaba. Ɗagawa da jak kuwa sai injiniya yana tsaye, gama bangon da aka ƙwaƙule gindinsa a tashi guda, a kan mai haƙa yake faɗowa.