Maganin Ƙuma da Kaska a Jikin Kare

A filin jirgin sama na JFK, a birnin New York, akwai masaukin dabbobi mai suna ARK, wanda aka buɗe a 2017. Tun daga Agusta 2024, karen da aka yi wa allurar rigakafin ciwon hauka a Nijeriya ko Nijar ba ya shiga Amurka sai ta irin wannan masauki, inda likitan dabbobi zai duba shi. Mai kare kuwa ba ya so a tarar da kaska a jikinsa, domin kaska tana sa wa kare cututtukan jini.

To, da me za a kashe ta? A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa waɗansu ƙwayoyin kashe ƙuma da kaska sukan jawo wa waɗansu karnuka farfaɗiya. Wannan ya sa mutane suka waiwayi itatuwa.

Man dogon yaro yana korar ƙuma, yana hana 'ya'yanta girma, amma hasken rana yakan karya ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki. Tafarnuwa kuwa, da waɗansu ke ba kare, dafi ce gare shi, watau tana lalata jininsa.

Ƙuma guda takan yi ƙwai har 50 a rana, suna zuba a shimfiɗa. Saboda haka a wanke shimfiɗar kare da ruwan zafi, a taje gashinsa kullum, a cire kaska da matsefata har kanta. In abin ya yi yawa, sai a nemi likitan dabbobi.